Tambaya: Me ya nutsar da jirgin yaƙin Vasa tun bai bar gari ba?

Malam Sa'idu, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a nan Garwa. A makon jiya, muna cikin darasin yaƙe-yaƙen Turai na ƙarni na 17, na ba ɗalibaina labarin Vasa, jirgin yaƙin ƙasar Suwidin mai tafiya da iska, wanda ya nutse ranar 10 ga Agusta, 1628, a fitarsa ta farko, tun bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba daga inda aka kwance shi a birnin Sitokholm. Wani yaro ɗan gidan masunta daga wajen Lagdo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, jirgin katako ba ya nutsewa haka kawai, ko dai ya huje, ko an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa." Na amsa masa da cewa bindigogin igwa ne suka yi masa yawa, domin guda 64 aka ɗora masa, duka na tagulla. Sai ya ce, to ai wancan na Ingila da na nuna musu hotonsa, wato Victory, igwa 104 yake ɗauka, ya yi yaƙi shekara da shekaru, ga shi kuma har yau yana nan. Me ya hana shi nutsewa?

Amsar da na bayar ba ta gamsar da shi ba, ni ma ba ta gamsar da ni ba, kuma ba na son in bar yaro mai irin wannan lura da rabin bayani. Saboda haka nake roƙon waɗanda suka san aikin ruwa, da waɗanda suka karanci ƙirar waɗannan jirage, su taimaka mini: yaya ake gina jirgin yaƙi na katako har ya ɗauki wannan ƙarfe bai kife ba, a ina aka kuskure a Vasa, kuma shin babu wanda ya gane matsalar kafin a sake shi? Allah ya saka da alheri.

Alhaji Ɗanjuma, Kusuri

Wa alaikumus salam, Malam. Ban taɓa ganin teku ba, amma na yi shekara talatin da 'yan kai ina ƙetarar da mutane da kaya a Logon da Shari, mahaifina kuma masassaƙin jirgi ne, don haka zan faɗi abin da ruwa ya koya mini, masu karatu su ƙarasa. Yaron nan ya faɗi hanyoyi biyu da jirgi ke halaka, amma akwai ta uku, wadda ta fi su cin rai a wajenmu, ita ce wurin da aka ajiye kayan. Buhu arba'in na shinkafar Yagwa, idan ka shimfiɗa su a ƙasan kwale-kwale, jirgin zai zauna daram, har ya fi wanda babu komai cikinsa natsuwa. Waɗannan buhuna arba'in ɗin, idan ka jera su sama-sama, ka ɗora babur a kai, mutane kuma suka hau suka zauna, nauyin bai ƙaru da yawa ba, amma jirgin ya zama wani abu dabam, ƙaramar iska ma sai ta kayar da shi.

Na ga wannan da idona wata shekara da kaka, ruwa ya cika ya batse. Wani matuƙi da ke gabana ya tula buhunan albasa har sun fi bakin jirgi tsayi, fasinja suna zaune a kansu. Muna tsakiyar kogi dorina ta ɗago kai can nesa, ba ta ma nufo su ba, amma kowa ya zabura ya koma gefe guda. Jirgin ya kishingiɗa, ruwa ya hau ta baki, kafin a ce kwabo ya kife. Mun tsamo mutum goma sha ɗaya da rai. Wata tsohuwa da jikarta sai washegari aka same su, Allah ya jiƙansu. Da aka jawo jirgin gaɓa, ko ƙusa ɗaya ba ta fita daga jikinsa ba.

Tun daga ranar ba na kwance igiya sai na ɗora ƙafa a bakin jirgi na danna. Mai lafiya zai turo ƙafar nan take. Wanda aka yi wa mugun lodi zai tafi a hankali, ya dawo a hankali, kamar mai jin jiri. Ina zaton jirgin Turawan nan irin na biyun ne.

Injiniya Abakar, Injamena

Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya, zatonka daidai ne, kuma abin da ka bayyana da ƙafa shi ne abin da muke koya da lissafi. Na sami zuwa Sitokholm wani horo na aiki, na shiga gidan tarihin da aka gina wa jirgin, wanda aka buɗe a 1990. Ɗakin yana da duhu-duhu da sanyi, jirgin kuma yana tsaye a tsakiya, baƙi-baƙi mai sheƙi kamar an shafe shi da kakin zuma. Abin da ya fara kama mini ido shi ne siririn cikinsa idan aka gwada da tsayinsa. Idan ka tsaya a bayansa ka ɗaga kai, kamar kana ƙarƙashin bene mai hawa da yawa, amma faɗinsa duka mita 11.7 ne, abin da ke shiga ruwa kuma bai kai mita 5 ba. Tsawonsa, har da dogon itacen da ke goshinsa, mita 69 ne, daga gindinsa zuwa ƙolin babban jigon da ake ɗaura filafilan zane kuwa ya haura mita 50.

Malam Sa'idu, ga yadda maganar take. Jirgi mai tafiya da iska kullum iska tana tura shi daga sama, tana neman kwantar da shi, domin filafilansa suna can bisa. Abin da ke tashe shi abu biyu ne: faɗin cikinsa a daidai inda ruwa ya tsaya, da nauyin da ke can ƙasa. Shi ya sa ake jibge duwatsu a gindin jirgin, a kan ƙashin bayansa. Jirgin fatauci ba shi da wahala sosai, tun da kayansa a ƙasa suke. Jirgin yaƙi kuwa dole ne ya ɗauki mafi nauyin kayansa a sama da ruwa, domin igwa ba ta da amfani sai bakinta ya leƙo ta tagar da aka yanke mata a haƙarƙarin jirgi. Duk tarihin ƙirar jiragen yaƙi na katako, a ganina, kokawa ce da wannan matsala guda ɗaya: idan igwa ta yi sama, jirgi ya yi jiri, idan ta yi ƙasa, tagoginta sun kusanci ruwa.

Vasa ya faɗa tsakanin biyun. An yi masa hawa biyu na igwa, kuma cikin guda 64 ɗin nan, 48 manya ne, kowace ta haura tan ɗaya, tana harba dunƙulen ƙarfe mai kusan kilo 10. Amma igwa kaɗai ba za ta kayar da shi ba. Katakon da ke sama da ruwa shi ne babban laifi: daɓen kowane hawa an yi shi da manyan azara masu kauri fiye da bukata, rufin kowane hawa ya yi tsayi, bayan jirgin kuma an ɗaga shi ƙwarai. Dalilin ɗaga shi, a lokacin ba a gama barin tsohon salon yaƙi ba, inda ake manne wa jirgin abokan gaba sojoji su tsallaka, don haka wanda ya fi tudu ya fi samun damar harbi daga sama. Salon jera jirage a layi suna ɓarin wuta ta haƙarƙari sai daga baya ya kafu. Duwatsun da aka zuba masa kimanin tan 120 ne, ba su isa ba, wurin zuba wasu ya yi kaɗan saboda ƙuncin cikinsa, kuma da an ƙara, da tagogin hawan ƙasa sun ƙara matsowa kusa da ruwa.

Ranar da ya fita Lahadi ce, da yamma, jama'a sun cika gaɓa suna kallo. Filafilai huɗu kawai aka buɗe cikin goma, iska ma ba ta da ƙarfi. Tagogin igwa duka a buɗe suke, domin an harba ta gaisuwa, kuma a cikin murfin kowace taga an sassaƙa kan zaki, wanda ba a ganinsa sai an ɗaga murfin. Iska ta farko ta kwantar da shi, ya taso da ƙyar, yadda Baba Alhaji ya kwatanta. Ta biyu ta kwantar da shi ta hagu har tagogin ƙasa suka shiga ruwa, daga nan kuwa babu sauran dabara. Ya zauna a zurfin mita 32, kusa da gaɓa ƙwarai. Cikin mutum wajen 150 da ke ciki, har da mata da yara na iyalan ma'aikata, kimanin 30 suka rasu. Sojoji 300 da aka tanadar masa ba su riga sun shiga ba.

Malama Hadiza, Marwa

Na gode wa Injiniya da wannan bayani, amma ina ganin tambayar Malam ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma amsarta ba ta cikin katako. An gane matsalar sarai. Kafin tafiyar, kyaftin ɗin jirgin, Söfring Hansson, ya sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan a gaban babban hafsan ruwa Klas Fleming, jirgin yana ɗaure a tasha. Sau uku kawai suka ƙetara aka tsayar da su, don tsoron kada ya kife a wurin. Wannan shi ne gwajin ƙafar Baba Alhaji, sai dai da ƙafa sittin. Duk da haka aka bar shi ya fita.

Dalili kuwa shi ne sarki. Gustaf Adolf yana can yana yaƙi da Folan, wadda ɗan'uwansa Sigismund ke mulki, shi Sigismund ɗin kuma yana ganin gadon sarautar Suwidin nasa ne da aka ƙwace. Sarki yana bukatar jirage a Tekun Baltik, yana ta aiko da wasiƙu a gaggauta, kuma shi da kansa ya amince da awon jirgin. Jirgin ma sunan gidan sarautar aka ba shi, tambarinsu na damin hatsi yana manne a bayansa, an ƙawata shi da ɗaruruwan sassaƙe-sassaƙe masu launi, na zakoki da sarakunan Rum, har da siffar manyan mutanen Folan a durƙushe don wulaƙanci. Wane ne zai aika wa irin wannan sarki cewa abin alfaharinsa ba ya iya tsayuwa? Maƙerin da ya fara aikin, Henrik Hybertsson, mutumin Holan, ya rasu a 1627, Hein Jakobsson ya ƙarasa. Da aka zauna bincike, ma'aikatan jirgin suka ce ba su sha giya ba, igwa kuma a ɗaure suke. Maƙera suka ce sun bi awon da sarki ya sa wa hannu. Maganar ta zo ƙofar da ba a iya ƙwanƙwasawa, sai ta mutu a nan, ba a hukunta kowa ba.

Na kuma taɓa jin cewa asali hawa ɗaya na igwa aka shirya, sarki ne ya sa a ƙara na biyu aiki yana tsaka. Idan haka ne, laifin nasa ya ƙara fitowa fili. Ni dai abin da ke ci mini rai shi ne matan nan da yara da aka bari suka shiga, alhali akwai manya a gari da suka ga gwajin da idonsu.

Injiniya Abakar, Injamena

Malama, maganar gwajin da ta binciken haka suke, kuma na yarda da ke cewa wanda ya ga mutum 30 sun kusa kifar da jirgi ba shi da hujjar yin shiru. Amma labarin ƙara hawa na biyu ana cikin aiki, ko da yake ya yaɗu sosai, masu binciken da suka auna katakon jirgin ɗaya bayan ɗaya ba su ga alamarsa ba. Abin da suka gani yana nuna tun farko da hawa biyu aka nufe shi. Zai fi kyau kada Malam ya kai wa ɗalibai wannan.

Ina kuma son a yi wa maƙeran adalci. A zamaninsu babu zanen jirgi a takarda irin na yau, babu kuma lissafin da zai gaya maka tun kafin ka sare itace ko jirgi zai tsaya. Maƙeri yana aiki ne da ƙa'idojin awo da ya gada, da idonsa, da abin da ya taɓa ginawa, jirgi mai hawa biyu na manyan igwa kuwa sabon abu ne a wajensu. Har sandunan awon da aka tsinta a cikin jirgin ba iri ɗaya ba ne: wasu na ƙafar Suwidin mai inci 12, wasu na ƙafar Amsterdam mai inci 11, jirgin kuma ya fito ɓangaren hagunsa ya fi nauyi. Sun koyi darasi nan da nan, domin ɗan'uwansa Äpplet, da aka gina a wuri guda, an ƙara masa faɗin kusan mita ɗaya, ya yi aiki shekaru kusan talatin. Lissafin tsayuwar jirgi a ruwa sai a 1746 wani Bafaranshe, Pierre Bouguer, ya fitar da shi a rubuce.

Wannan ya kawo mu ga tambayar yaron. An fara gina Victory a Chatham a 1759, aka sake shi a ruwa a 1765, wato bayan Vasa da shekara 137, kuma a tsakanin nan an gina ɗaruruwan irinsa an ga abin da ke tsayawa da abin da ke kifewa. Thomas Slade, wanda ya zana shi, ya ba shi faɗin kusan mita 16 da ciki mai zurfi, nauyinsa wajen tan 3,500, kusan ninki uku na Vasa. An jera igwarsa bisa nauyi: mafi girma a hawan ƙasa, matsakaita a tsakiya, ƙanana a sama. Haƙarƙarinsa yana lanƙwasowa ciki yayin da yake hawa, domin nauyin sama ya matso tsakiya, dogon benen baya irin na Vasa kuma an rage shi. Itatuwa kimanin 6,000 ya ci, mafi yawansu itacen ok ne, mai tauri irin na maɗacinmu, a 1780 kuma aka lulluɓe gindinsa da fallayen jan ƙarfe saboda tsutsar teku mai cin katako. Da shi Nelson, babban hafsan ruwan Ingila, ya shiga yaƙin Tarafalga ranar 21 ga Oktoba, 1805, da jirage 27 a kan 33 na Faransa da Sifen, a kan jirgin kuma aka harbe Nelson ɗin. Tun 1922 yana kan busasshiyar tasha a Portsmouth.

Kada dai a ɗauka Ingilawa sun tsira daga ciwon tagogi. Mary Rose ta haka ya tafi a 1545, Royal George kuma a 1782, yana tsaye a tasha an karkata shi don gyara, ruwa ya shiga ta tagogin ƙasa, ɗaruruwan mutane suka halaka.

Abin da ya sa muke iya auna Vasa a yau, tsutsar nan ba ta rayuwa a ruwan Baltik saboda gishirinsa kaɗan ne. An ciro mafi yawan igwarsa tun wajen 1664, masu nutso suna sauka cikin wata babbar ƙararrawar ƙarfe mai riƙe iska. Wani mai bincike ɗan Suwidin, Anders Franzén, ya sake gano jirgin a 1956, aka haƙa ramuka shida ta ƙarƙashinsa aka zura igiyoyin ƙarfe, ya fito ranar 24 ga Afrilu, 1961, bayan shekara 333. Shekara 17 aka yi ana fesa masa wani sinadari mai kama da kaki don kada katakon ya tsage in ya bushe; shi ne sheƙin da na gani.

Alhaji Ɗanjuma, Kusuri

Ɗana Injiniya, Allah ya yi albarka. Maganar sandunan awo biyu ta tsaya mini a rai, domin mahaifina ba ya yarda mutum biyu su auna jirgi ɗaya. Da igiya guda yake auna dama da hagu, ya ƙulla ta, ya rataye har a gama. Malama Hadiza kuma, abin da kika faɗa ina ganinsa a bakin kogi har gobe. Yaron jirgi yana sane lodi ya ɓaci, amma mai kaya babban mutum ne, ya biya, yana sauri, sai yaron ya haɗiye maganarsa ya tura. Ni da na samu jirgin kaina na sha sauke buhu biyar a bar su a gaɓa, mai kaya yana faɗa, na ce ya jira sawu na biyu ko ya nemi wani. Amma ni jirgina ne. Kyaftin ɗin can jirgin sarki aka ba shi, ya nuna wa na gaba da shi, na gaban ya juya baya. Ban san abin da ya rage masa ba ban da rufe tagogin ƙasa kafin ya buɗe filafilai, kuma wannan kam da ya yi.

Malam Sa'idu, Garwa

Na gode ƙwarai, Baba Alhaji, Injiniya da Malama. Allah ya ƙara sani. Na cire maganar yawan igwa daga darasina, ba zan kuma kawo ta ƙarin hawa ba. Ranar Litinin zan shiga aji da babban baho na ruwa, da gwangwanin madara biyu, ɗaya siriri ɗaya mai faɗi, da tsakuwa mai nauyi ɗaya. Za mu zuba ta a ƙasa, sannan mu ɗaga ta a kan murfi, mu huda ƙananan tagogi a gefe, yaron Lagdo kuma shi zai riƙa hura iska yana gaya wa 'yan ajin abin da ya gani. Baba, idan ba damuwa, a turo mini awon da mahaifinku yake bi tsakanin tsawon jirgi da faɗinsa, domin ina so in rubuta shi a allo kusa da na Vasa da na Victory.